Farantin da ya kauce da digiri ɗaya

Duk mai bin hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko mai ratsa ƙauyukan Bichi da Makoɗa, yana ganin ƙarafan sabis tsaye a tsakiyar gonakin gero da gyaɗa. Dogayen akwatunan da ke can ƙoli su ke hulɗa da wayarka. Farin farantin nan kuwa shi ke miƙa saƙo daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Ranar da ya kauce, mai POS a kasuwar ƙauye zai yini yana ba mutane haƙuri, wai ba netwok.

Ba sai ya kauce da yawa ba. A nisan kilomita 10, karkatar digiri 1 tak tana kai saiti gefe da kusan mita 175. Iskar hadarin Mayu da Yuni, mai yaye kwanon ɗaki, ta isa ta yi wannan ɓarna muddin noti ya saki.

Gogaggen injiniya ba ya gaggawar hawa, sai ya fara duba yadda ƙarfin sigina ya sauka. Idan ruwan sama ne, da an ɗauke za ta dawo. Idan ta faɗi dare ɗaya ta zauna a nan, saiti ne. Idan a hankali take raguwa, a nemi bishiya, musamman ga masu gajeriyar eriya irin ta makaranta ko shagon intanet. Gonakin nan cike suke da darbejiya da tsamiya, ga kuma gawo mai baƙar al'ada: da rani yake ganye, lokacin da ba mai zargin bishiya.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin gyara. Siginar faranti kamar hasken tocila take, tsakiya mai ƙarfi da zobba masu rauni a kewaye. Mai sauri yana juyawa ya ga mitar auna sigina ta ɗaga, sai ya ɗaure ya sauko, alhali zobe ya kama, wanda ƙarfinsa kan gaza na tsakiya sau 100. Da rana tsaka komai lafiya, yayyafi kaɗan layi ya yanke. Shi ya sa ake aikin da mutum biyu, kowa a ƙarfensa, ɗaya na juyawa ɗaya na jira: dama da hagu tukuna, sannan sama da ƙasa, har lamba ta zo daidai da wadda aka lissafa ranar kafawa. Kuma ido na kan mita har a gama ɗaure noti, domin sifana ma kan ja faranti gefe.