Ko Kun Sani?

Zoɓon da ake jiƙawa da ƙanƙara a sha lokacin buɗa-baki a Kazaure ko Babura yana ɗan taɓa aikin da wasu ƙwayoyin hawan jini suke yi: yana ƙara fitsari. Likitoci suna kiran duk abin da ke yin haka "dayuretik", sunan da ya fito daga tsohon harshen Girka, inda aka haɗa "diya", wato ratsawa, da "uron", wato fitsari. Aikin a ƙoda yake. Maganin yana hana ƙoda mayar da gishiri cikin jini, gishirin ya fita, ruwa ya bi bayansa, kumburin ƙafa ya saɓe, jini ya sauka. Ƙwayar Lasix da ake ba masu kumburi ta fi zoɓo ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutanen Meziko, waɗanda ke sayen busasshen zoɓon Jigawa, sun daɗe suna shan jiƙonsa saboda wannan amfani. Mai shan maganin hawan jini ya tambayi likita kafin ya mayar da zoɓo ruwan shansa.