Kaset, shayi da gita: Yadda kiɗan rok ya zama ɗan gida a Nijar

Matashin da ke sauraren Mdou Moctar ko Bombino a wayarsa yau zai iya ɗauka cewa kukan gitar lantarki ya shigo Nijar ne tare da intanet. Amma a Tawa, Maradi, Damagaram da Yamai akwai dattawa masu shekaru 55 zuwa 70 da suka san wannan sauti tun suna ƴan lakwal. Ba a babban ɗakin wasa suka ji shi ba. A bakin butar shayi suka ji shi, cikin kaset ɗin da ya bi hannu goma kafin ya iso gare su. Yanzu waɗannan kaset na lalacewa, masu su na tsufa, kuma kaɗan ne daga abin da suka sani aka rubuta.

Hanyoyin da ya biyo

Shekarun 1970 lokaci ne da kuɗi suka ɗan shigo birane. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, ma'aikatan gwamnati suka ƙaru, rediyo mai kaset ya zama abin da duk saurayin da ya karɓi albashin farko ke burin saye. Ɗaliban da suka yi karatu a Dakar, Abijan da Faransa sun dawo da faya-fayai. Ƴan ci-rani sun kawo nasu daga Gana, Najeriya da Kwaddibuwa. Daga arewa kuma, Turawa masu ratso hamada ta Tamanrasset zuwa Agadas, wasu don yawon buɗe ido, wasu don sayar da tsofaffin motoci, sukan bar kaset a hannun direbobi da ƴan rakiya.

Sunayen da suka fi zama a kunnen mutane ba su da yawa. Akwai Jimi Hendrix, Ba'amurken da ya rasu a Landan a 1970 yana da shekaru 27, wanda ke kaɗa gita da hannun hagu. Akwai Carlos Santana, wanda ya zo Afirka ta Yamma da kansa ya yi wasa a birnin Akra a watan Maris na 1971, kuma kiɗansa cike yake da ganguna da ba su yi wa kunnen ɗan Afirka baƙunta ba. Daga baya sai ƙungiyar Dire Straits ta Ingila da jagoranta Mark Knopfler, wadda ta yi suna da “Sultans of Swing” a 1978, sai kuma Eagles da “Hotel California”, da Scorpions na Jamus da “Still Loving You” ta 1984.

Mafi yawan masu sauraren ba sa jin Ingilishi. Faransanci suka koya a makaranta, Hausa, Zabarmanci ko Buzanci suke yi a gida. Saboda haka ba kalmomin ba ne suka kama su, gitar ce. Mutum na iya bin kiɗan waƙa da baki daga farko har ƙarshe ba tare da ya san abin da mawaƙin ke faɗa ba.

Kowane kiɗa da lokacinsa

Abin da ya bambanta wannan zamani da na yau shi ne, ba a sauraren kiɗa a kaɗaice. Rediyo ɗaya ne a unguwa, ko biyu, kuma inda yake nan ake taruwa. Zaman shayi yana da tsarinsa: wani ya kawo ganye, wani sukari, wani gawayi, wani kuma batir. Wanda bai kawo komai ba shi ne mai fifita wuta da wanke kofuna. Don kada batir ya ƙare da wuri, ba a mayar da kaset baya da na'ura. Biro ake zura masa a rami a yi ta juyawa. Idan zaren ya tsinke, a liƙe shi da man farce ko salatif, a saba da ɗan gurbin da ya rage a tsakiyar waƙar.

Shayin kansa yana ɗaukar lokaci. Kafin a sha na farko mai ɗaci, a dafa na biyu, a kai ga na uku mai zaƙi, an cinye awa biyu ko fiye, wato kaset mai minti 90 ya juya gaba da baya har an sake shi. Abin taɓawa bai wuce soyayyar gyaɗa da dabino ba. Idan ƙarshen wata ne, ko wani ya samu ƴan kuɗi, sai a aika a sayo kilishi ko gasasshen nama a takarda, da yaji da albasa. A Tawa da Abalak akan haɗa da cuku, a ɗan gasa shi a kan garwashin shayin.

Da safe, a teburin mai shayi, inda ake cin burodi da soyayyen ƙwai da kofi mai madara, labarai ne ke tashi a rediyo. Da rana bayan an ci dambu ko shinkafa da wake, lokacin da zafi ya hana kowa motsi, kiɗa mai sanyi irin na Dire Straits ake so. Daren Asabar, a wajen rawar ƴan makaranta ko a gidan matasa, “Europa” ta Santana da waƙar Scorpions su ne ake jira, domin su ne ke ba saurayi damar neman budurwa ta taso su taka a hankali. Hendrix kuwa sai dare ya raba, an rage mutane, saura waɗanda suka ɗauki abin da gaske.

Har gardama ake yi a kai, irin wadda ake yi kan ƴan kokowa. Masu son Hendrix na ganin Knopfler ya cika ladabi. Masu son Knopfler na cewa hayaniya ba gwaninta ba ce, su nuna yadda yake kaɗa tsirkiya da yatsu zalla, kamar mai gurmi. Iyaye kuma, waɗanda kunnensu ya saba da Ɗan Gurmu, Mamman Shata, Ɗan Anace da Ɗan Ƙwairo, da yawansu kallon shiririta suke yi wa abin gaba ɗaya. Sai dai samarin ba su yar da na gida ba. Ba abin mamaki ba ne a tarar da kaset guda, fuska ɗaya Santana, ɗaya fuskar Shata.

Tawa ta yi nata Hendrix

Daga saurare aka koma kaɗawa. A Tawa, tun cikin shekarun 1970, aka kafa ƙungiyar Azna de l'Ader ƙarƙashin jagorancin makaɗin da aka fi sani da Mona, wanda salon gitarsa da shigarsa suka sa ake kiransa Hendrix na Nijar. Sunan ƙungiyar kaɗai ya isa ya nuna inda ta kafa ƙafarta: Azna da ƙasar Adar. Ta ɗauki ƙarar gitar rok ta ɗora a kan kiɗan gargajiya na yankin, ta shekara da shekaru tana wasa a bukukuwa da tarukan jahar, ba tare da ta yi suna a ƙetare ba.

A 1987 aka fara gasar kiɗan zamani ta ƙasa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, bayan haka aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Wannan ya ba makaɗa irin su Sa'adu Bori na Maradi da Musa Pusi fili, suka fitar da faifan haɗin gwiwa mai suna “Niamey Twice” a 1994. Ba dukansu ne ƴan rok ba, amma gitar lantarki ta riga ta zauna daram a tsakiyar kiɗan ƙasar.

Agadas: gita a lokacin tawaye

A arewa labarin ya ɗauki wata fuska. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kori dubban matasan Abzinawa zuwa Aljeriya da Libiya neman abin yi. A can ne kiɗan gita na marasa aikin yi, wanda ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta yi fice da shi, ya samo asali. A ɓangaren Nijar, Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal ne suka riƙe tutar. A lokacin tawayen shekarun 1990, a ɓoye ake yawo da kaset ɗinsa, har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilun 1995. Ya rasu a farkon 2020.

Bombino, wanda aka haifa a 1980 a yankin Agadas, ya yi gudun hijira tare da danginsa yana yaro. Ya sha bayyana cewa shi da abokansa sun koyi salo ne ta hanyar kallon bidiyon Hendrix da Knopfler suna maimaitawa. A 2013 ya fitar da faifan “Nomad” da aka naɗa a Amurka, sannan faifansa “Deran” na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin jerin masu neman kyautar Grammy.

A Agadas har gobe gidan biki ne babban filin gita. Ƙungiyoyi irin su Etran de l'Aïr da bukukuwan aure suka rayu shekaru da dama kafin duniya ta san su. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareto, a ci shinkafa da naman rago, shayi na zagayawa, makaɗa na tsakiya. Nan ma kiɗan bai rabu da akushi da buta ba.

Daga kaset zuwa katin waya

Mdou Moctar, ɗan jahar Tawa da ya tashi a yankin Abalak, shi ne gadar da ta haɗa zamanin biyu. Gitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke, saboda gidansu ba a yarda da kiɗa ba. Faifansa na farko, “Anar”, a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da irin sautin waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a kasuwa ya yaɗu ba. Daga waya zuwa waya ya bi, ta Bluetooth da katin ajiya, a tashoshin mota da fadojin samari, har ya kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka, wanda ya sa waƙarsa cikin wani kundi a 2011.

Shi ma bahago ne, abin da ya sa ƴan jaridar Turai ke yawan kwatanta shi da Hendrix, ko da yake ya sha faɗin cewa Abdallah Oumbadougou ne ya fara burge shi, kuma sai daga baya ya san makaɗan rok na Yamma. A 2015 ya fito a wani fim na Buzanci da aka gina kan “Purple Rain” na Prince. Faya-fayansa “Afrique Victime” na 2021 da “Funeral for Justice” na 2024 sun kai shi manyan dandamali na duniya. Daga yankin na Abalak kuma aka samu Les Filles de Illighadad, inda Fatou Seidi Ghali ta nuna cewa gita ba ta maza kaɗai ba ce.

Abin da ke cikin haɗari

Duk da wannan suna da aka yi a waje, tushen abin a gida yana cikin rauni. Zaren kaset ba ya jure zafi da ƙura, kuma na'urorin da ke karanta shi na ƙarewa, haka ma masu gyaransu. Yawancin ƙungiyoyin shekarun 1970 da 1980 ba su taɓa fitar da faifai a kasuwa ba. Abin da ya rage nasu yana cikin ma'ajiyar Muryar Sahel, ko cikin kwali a ƙarƙashin gadon wani tsohon malamin makaranta. Waƙoƙin Azna de l'Ader da ake iya samu yau a faifan “Zabaya”, daga tsofaffin naɗe-naɗen gidan rediyon ƙasa aka tsamo su, kuma kamfanin waje ne ya fitar da su. Ma'ana, ɗan Tawa da ke son jin makaɗan garinsu na wancan lokaci, sau da yawa sai ya bi ta hannun baƙi.

Yanayin sauraren ma ya canza. Fada na nan, buta na kan wuta, amma kowa da wayarsa da abin kunnensa. An samu yalwar waƙoƙi, an rasa gardamar da ke sa ƙarami ya koyi sunaye da tarihi daga bakin babba. Ga kuma matsalar tsaro da tsadar rayuwa da suka rage baƙi da manyan taruka a arewa, abin da ya bar makaɗa da dama da bikin aure kaɗai a matsayin hanyar samun abinci.

Aikin da ake buƙata ba mai wuyar ganewa ba ne: a mayar da tsofaffin naɗe-naɗe cikin kwamfuta tun zarensu bai mutu ba, a rubuta sunan kowane makaɗi da shekarar da aka ɗauki waƙar, a kuma yi rajistarsu a hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta BNDA don iyalansu su amfana. Gidajen rediyon jahohi da na al'umma na iya zaunar da dattawan da suka rage su ba da labari da bakinsu. Iyalai kuma, kafin su zubar da kwalin kaset ɗin mahaifinsu a lokacin shara ko rabon gado, yana da kyau su duba abin da aka rubuta da biro a jikin kowane ɗaya, domin wataƙila shi ne kwafi na ƙarshe da ya rage.