Lambun Stirling: Tambayar Da Yara Za Su Yi Miki

Uwargida, idan tafiya ta kai ki garin Stirling na Sikotland, ki leƙa lambun da ke haɗe da maƙabarta a gindin tsohuwar fadar sarakuna. William Drummond, attajiri mai sayar da irin shuka, ya gina dalar dutse a wurin a 1863, don tunawa da waɗanda aka kashe kan ’yancin addini.

Akwai kuma mutum-mutumin Margaret Wilson, ’yar ɗarikar Kiristocin Presbyterian, cikin gilashi. Tana shekara 18 aka ɗaure ta a turke bakin teku a Wigtown a 1685, ruwa ya taso ya cinye ta, saboda ta ƙi rantsuwar da hukumar sarki ta tilasta.

Yara za su tambayi dalili. Me za ki ce musu?