Warthog a Hannun Magina Bulon LEGO

Kamfanin LEGO na Denmark bai taɓa fitar da motar Warthog ta wasan Halo ba, domin ya daɗe yana kaffa-kaffa da duk abin da ya yi kama da kayan yaƙin zamani. Lasisin wasan Halo ya faɗa hannun Mega Bloks na Kanada a 2009. Sai masoya LEGO suka ce ba za a bar su a baya ba, kowa ya zauna ya ƙera tasa.

Motar dai ta fara bayyana ne a 2001, a wasan Halo da Bungie ya yi wa Xbox: koriya, buɗaɗɗiya, mai ɗaukar direba da fasinja, da mai harbi tsaye a baya. A gabanta akwai ƙugiyoyi biyu kamar hauren gadu.

Rigimar magina daga faɗi take farawa. 'Yan mutum-mutumin LEGO gajeru ne masu faɗin ƙirji, biyu ba sa zama kafaɗa da kafaɗa a motar da faɗinta ƙululun bulo shida ne. Ko LEGO da kansa sai da ya mayar da motocin Speed Champions zuwa takwas a 2020 kafin kujeru biyu su shiga. Wanda ya matse Warthog ɗinsa ya samu siffa mai kyau, amma fasinja ya rasa wurin ajiye hannu. Wanda ya faɗaɗa kuwa, sojojin sun zauna daram, sai dai motar ta yi musu girma, direba da ƙyar yake leƙo hanya.

Akwai kuma masu gini da kayan LEGO Technic, waɗanda ba ruwansu da ado. Su shokozoba suke sa wa kowace taya, su haɗa sitiyarin da zai juya tayoyi huɗu kamar a wasan. Bodin yakan fito da ramuka da sanduna a fili, amma ɗora ta a kan littafi ka danna, ka ga yadda take lotsawa ta miƙe. Duk wanda ya taɓa tuƙa ta a Halo ya san tsalle-tsalle da wutsil-wutsil ɗin nan su ne Warthog, don haka wannan ɓangaren ya fi kusa da gaskiya, ko da hotonsa bai kai na sauran kyau ba.

Launi ma wani aiki ne. Koren soja bai wadata a kowane irin bulo ba, shi ya sa magini kan zana motar a manhajar Studio tukuna, sannan ya bi kasuwar BrickLink, wadda LEGO ya saya a 2019, yana tsintar bulon ɗaya-ɗaya daga 'yan kasuwa daban-daban.