Gonar Arewa ba ta san iri ɗaya ba

Manomin ƙasar Ɗan Kassari, a gundumar Dogon Dutsi ta Nijar, ba ya zuba iri ɗaya a gona. Hatsi ne babba, amma wake na kwance a tsakanin kunyoyi, yakuwa na bakin iyaka, mata kuma na da ƴan filayensu na gujiya da kuɓewa. A tsakiya ga gawo, itacen da ya saɓa wa sauran itatuwa: da damina, lokacin da daji ya yi kore, shi yake kakkaɓe ganyensa, don haka ba ya tare wa shuka rana. Da rani sai ya yi ganye, ya zubo ƴaƴa, bisashe su taru a inuwarsa su ci su bar taki. Shi ya sa hatsin gindin gawo yakan fi na fili kauri.

Akwai kuma anza, wadda ba a kula ta sai shekara ta ɓaci. Ƴaƴanta ɗaci gare su har da guba. Sai an jiƙa su kwana da kwanaki, ana zubar da ruwan ana sake wani, kafin su ciwu. Ta riƙe gidaje da yawa a yunwar 1984 da ta 2005, amma fa gidajen da akwai tsohuwar da ta san aikinta.

Masana na kiran wannan yalwar ire-iren halittu, kuma sun gwada amfaninta a kan hatsinmu. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar sun kwatanta irin da aka tattara a ƙauyuka 79 a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003. Bayan duk farin da aka sha a tsakani, ire-iren ba su ƙare ba. Abin da ya faru shi ne hatsin ya koma fidda kai da wuri, daidai da daminar da ta gajarta. Da a ce iri ɗaya ne a rumbunan ƙasar, da babu inda za a zaɓo mai saurin nuna.

A 2001 hukumar UNESCO ta fitar da sanarwa cewa bambancin al'adu wajibi ne ga ɗan Adam kamar yadda yalwar halittu take wajibi ga daji. Maganar da daɗin ji, kuma Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, na iya ba ta hujja. Gubawa ne suka fara zama a nan, su ke riƙe da sha'anin ƙasa da tsafinta, ta hannun Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji. Zuriyar Ari, wanda tarihin baka ya ce daga Barno ya zo, ita ta riƙe sarauta a Matankari da sauran garuruwa. Ba wanda ya haɗa duka biyun a hannunsa. Lugu ɗin nan, da ke cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, ita ce ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a Afrilun 1899 a ƙarƙashin Sarauniya Mangu, labarin da Abdoulaye Mamani ya mayar littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mayar fim a 1986. Dutsen Tunguma, inda ake kai shari'ar da ta gagara, yana nan kusa. Ga Fulani da Buzaye, waɗanda bayan girbi manomi kan roƙa su sauke garke a gonarsa, su ba shi taki ya ba su damin hatsi. Yau sau da yawa wannan hulɗa ta koma rigimar burtali da ɓarnar gona, gonar kuma ita ke kwana da yunwa.

To amma kwatancen yana da inda ya tsaya, kuma masu zuwa daga nesa da kyamara kan manta da wurin. Iri ana iya ƙulle shi a ɗakin sanyi na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ya shekara da yawa bai canza ba. Mutum ba a yi masa haka. Saurayin Lugu da ya zaɓi masallaci ya bar abin da kakanninsa ke yi, ko ya tafi cin rani Legas ya dawo da waya da sabon salon magana, ba halitta ba ce da ke shirin ƙarewa, kuma ba wanda ke da ikon ce masa ya zauna yadda yake don masu bincike su same shi. Adeline Masquelier, wadda ta yi nazarin bori a Dogon Dutsi, ta nuna yadda ƴan bori da malamai suka daɗe suna ja-in-ja a gari ɗaya, kowa na sauya kowa. A ganina darasin hatsin ma shi ke nan: bai tsira don ya tsaya cak ba, ya tsira ne don yana da abin sauyawa.

Abin da ke ɓacewa da gaske shi ne sani. Wace saiwa ce ta zawo, wane kurmi ne ba a sa wa gatari, wace ciyawa ce ke kumbura saniya. Bafillace na da sunayen ciyayin da Bahaushe ke haɗawa ya kira haki kawai, kuma ba a koyar da su a lakwal.

A nan mu Hausawa muke da abin dubawa. Tun Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, ya jera Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci, Buzanci, Tasawak da sauransu a matsayin harsunan da ake magana da su. Mun saba kukan Faransanci ya danne mu. A kasuwar Ɗan Kassari kuwa, ɗan Fulanin da ya kawo bisa da Hausa yake ciniki, dillalin da ya saye ta a hannunsa bai taɓa buƙatar koyon gaisuwa da Fulatanci ba.