Dokar Inshorar Lafiya da Goyon Bayan Masu Aikin Magani

An shirya wannan bayani domin hakimai da malamansu na ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama, don su sami abin gaya wa talakawa in sun yi tambaya.

Mece ce inshorar lafiya?

Ciwo ba ya sallama. Manomi a Gehuru, in matarsa ta yi doguwar naƙuda, sai ya sayar da akuya ko hatsin da ya tanada kafin a kai ta asibiti, wani lokaci kuwa kafin kuɗi su haɗu an makara. A Nijeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan magani, fiye da naira 70 daga aljihun majiyyata suke fitowa. Inshora dabara ce irin ta rumbun tsimi: kowa ya zuba kaɗan yana da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga abin da aka tara. Ba adashi ba ce, gama wanda bai yi ciwo ba ba ya ɗaukar kome.

Asalin maganar

A 1962 Ministan Lafiya na Tarayya, Dokta Majekodunmi, ya kai shawarar irin wannan shiri gaban majalisa a Ikko, amma likitoci ba su yarda ba, sai maganar ta kwanta. Sai a 1999 aka yi doka, aka soma aiki da ita a 2005. Amma wannan doka ba ta tilasta wa kowa shiga ba, galibin waɗanda suka amfana ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne, masu inshora kuwa ba su kai kashi 10 cikin 100 na jama'a ba.

Ran 19 ga Mayu, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke ta dā, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowane mazaunin ƙasa. Ta keɓe asusu domin marasa galihu, watau yara 'yan ƙasa da shekara 5, da masu ciki, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. A Jihar Kebbi hukumar KECHEMA ke riƙe da wannan aiki.

Don me masu magani suka goyi baya?

Wannan karo ƙungiyar likitoci da masu asibitocin kuɗi da kamfanonin inshora sun yi marhabin da dokar. Ba tausayi kaɗai ya kawo haka ba, akwai lissafi a ciki. Asibitin da ke jiran majiyyaci ya zo da kuɗi a hannu bai san abin da zai samu gobe ba. A ƙarƙashin inshora kuwa, ana biyansa wani abu kowane wata a kan kowane mutum da aka rubuta masa, ko ya zo ko bai zo ba. Da haka zai iya sayen magani a kan kari, ya biya ma'aikata. Majiyyaci kuma yakan zo da wuri, tun ciwo bai ci ƙarfinsa ba.

Amma goyon bayan nan yana da sharaɗi: a biya abin da ya isa, a kuma biya a kan lokaci. An yi shekaru ana ba asibiti naira 750 a wata a kan mutum ɗaya, alhali farashin magani yana ta hawa, har masu asibitoci suka yi ta kuka. A 2025 hukumar NHIA ta mai da kuɗin naira 1,450. Abin lura shi ne, duk inda biya ya yi jinkiri, asibiti kan soma cewa babu magani, talaka kuwa ya ɗauka an yaudare shi.

Abin da ake bukata ga hakimai

Na fari, a tara dagatai da masu unguwanni da limamai a yi musu bayani sosai. A nuna musu cewa wannan ba haraji ba ne.

Na biyu, in an zo rubuta marasa galihu, malamin hakimi ya lura kada a sa mai hali a bar gwauruwa da marayu. Mai unguwa ya fi kowa sanin gidan da ba a ɗora tukunya.

Na uku, a shawarci manoma su biya nasu lokacin da kuɗi ke hannu, kamar sa'ad da mutanen Aliero suka kwashe albasa, ba tsakiyar damina ba.

Na huɗu, in mai kati ya kawo ƙarar an hana shi magani, a rubuta sunansa da ranar da asibitin, a ji ta bakin ma'aikatan asibitin kuma, kana a aika wa hukuma. Watakila laifin na ma'aikaci ne, watakila kuwa kuɗi ne ba su iso ba.

Shirin da ya kwanta a 1962 don rashin yardar likitoci ya sami yardarsu yanzu. Saura yardar talakawa, wannan kuwa a ƙofar hakimi ake samunta.