Masu Sifirin na Ƙasar Daura

Manyan hanyoyin kwalta na ƙasar Daura ba su da wuyar ƙirgawa. Akwai wadda ta taso daga Kano ta Kazaure, ta ratsa gari ta wuce Kwangwalam a bakin iyakar Nijar. Akwai wadda ta zo daga Katsina ta Mashi, akwai kuma ta Zango da Ɓaure har Babban Mutum. Da mota ta sauka daga kansu, sai burji da gargada, sai rairayin da taya ke nutsewa a ciki da rani, sai laka da kwazazzabai da damina. Gero da wake da riɗi da gyaɗa kuwa ba a bakin kwalta ake noma mafi yawansu ba, haka dabbobin da ke cika kasuwar Mai'aduwa ran Lahadi ba daga cikin gari suke fitowa ba. A-kori-kura da Kanta da tsofaffin J5 ne ke fito da su. Abin da ke ɗauke da waɗannan motoci da lodinsu shi ne damin ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashin bayansu, wato sifirin.

Kasuwar sifirin ba ta da ƙofa, ba ta da ranar ci. A warwatse take a gefen tasha da bakin hanyoyin fita gari, duk inda gareji ya samu inuwar darbejiya. Za ka gane ta da fallayen ƙarfe da aka jingina a bango, dogo na bin gajere, wasu da baƙin fenti, wasu tsatsa ta yi musu ja. A ƙasa ga tulin notina, ga tsohon gwangwanin giris, ga guntun ƙarfen dogo da ake dukan falle a kansa. Mai shago yana sayarwa, bakanike yana kwancewa yana ɗaurawa, mai walda yana gefe da janaretansa. Yaran gareji su ne a ƙarƙashin mota, rigingine a kan buhu, suna miƙo hannu a ba su sifana. Da kaka, lokacin da hatsi ke barin gona, da kuma makonnin da ke gaban Babbar Sallah, sai ka ga motoci sun yi layi a kan jak.

Kayan daga Kano ake saro mafi yawansu, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano kuma tana samu daga Ladipo ta Legas da kasuwannin Nnewi da Onica. Iri biyu ne. Akwai sabo, wanda galibi daga Sin ko Indiya yake zuwa. Akwai na hannu da ake kira Beljiyam, wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai ko wadda ta yi hatsari a nan gida. Direban da ya daɗe a hanya ya fi son na hannun in dai na asali ne, don sabon mai araha yakan kwanta tun bai ga kaka biyu ba. Kafin a yi ciniki sai an ɗaga fallen an ƙwanƙwasa shi da guduma. Lafiyayye yakan yi ƙara mai tsawo, mai tsagewa a ɓoye kuwa muryarsa a dushe take. Sannan a kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa a gwada lanƙwasa, a murza gefen ramin tsakiya da yatsa, domin nan ne tsagewa ta fi farawa.

Wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba yakan ɗauka aikin sifirin ɗaukar nauyi ne kawai. Aiki biyu yake yi. Yana ɗaukar nauyi, kuma shi ne ke riƙe aksil ɗin baya a mazauninsa. Babban falle yana da ido biyu. Na gaba a kafe yake cikin hanga da ke jikin shasi. Na baya yana rataye a shakul, wasu 'yan ƙarafa biyu masu lilo, saboda duk lokacin da lodi ya danne sifirin ya miƙe, tsawonsa ƙaruwa yake yi, dole ya samu wurin zuwa. A cikin kowane ido akwai bush na roba. A tsakiya, santabol ne ya soke fallayen duka ya haɗa su, kansa kuma ya zauna cikin wani ɗan rami a kan aksil. Sai yubol guda biyu da suka rungume aksil da sifirin suka matse su wuri guda.

Babban cinikin kasuwar shi ne ƙarin falle. Hilux da kamfanin Toyota ya ƙera don ta ɗauki kimanin tan ɗaya, wato wajen buhu goma na gero, ba a yi mata wannan adalcin a hanyar ƙauye. Direba yana lissafin kuɗin mai da na maigidan mota da na kamasho, ya ga sawu ɗaya da buhu goma ba zai fitar da shi ba. Sai ya zo gareji.

"Oga, bayanta na zama. A ƙara mini."

"Biyu ko uku, Alhaji?"

A sauke damin, a kwance santabol, a yanko fallaye daga wani tsohon dami, a huda, a jera, a kawo dogon santabol da dogayen yubol. Kafin la'asar mota ta tashi da gindi a sama, mai ita yana murna. Wannan sana'a ta girmi Hilux a yankin. Tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, a-kori-kurar 404 da 504 suka cika hanyoyin Arewa, kuma a kansu manyan kanikawan yau da dama suka koyi ƙarin falle.

Gwanintar mutanen nan ta gaske ce, kuma ba don su ba da rabin hatsin ƙauyukan Sandamu da Zango sai a amalanke. Abin da ke damuna shi ne inda kuɗin direba ke tafiya. Yana biyan kuɗin falle da daɗin rai saboda falle ana ganinsa. Da aka zo kan yubol da bush da santabol, sai ya ce a mayar da tsofaffin. Alhali a nan ne ran abin yake. Yubol da aka taɓa ɗaurewa da ƙarfi ya riga ya miƙe, zarensa ya ci, ba zai sake matsewa kamar da ba. Sabon ma yana bukatar a sake bin notinansa bayan sawun farko, don fallaye sukan zauna su bar sarari. In ya yi sako-sako, fallaye su riƙa motsi a tsakiya, inda rami ya riga ya raunana su, sai su karye a nan. Direba ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau, ya sayi wani. In abin ya ci gaba santabol ya gutsure, aksil ya goce gefe guda, ka ga mota tana tafiya a karkace kamar kaguwa, tana cin taya. Ranar da ya goce gaba ɗaya a kan gudu, da mutane zaune a saman buhuna, ba gareji ake nufa ba.

Haka hanga. Dami mai tauri ba ya shanye dukan gargada, miƙa shi yake yi ga shasi, musamman in mota ta dawo ba kaya. Sai tsagewa ta fito a gefen hanga. Mai walda da ya san aikinsa yakan huda ƙarshen tsagewar don ta tsaya, ya cike ta, sannan ya ɗora faranti mai tsinin baki biyu don nauyi ya bazu. Mai gaggawa kuwa yakan ja walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa, shasin ya sake tsagewa a gefenta. Mafi muni shi ne a yi wa fallen kansa walda. Ƙarfen sifirin da wuta aka ba shi taurinsa a masana'anta, zafin walda kuma yana ɓata wannan tauri, don haka karyewa ta biyu tana nan tafe dab da ɗinkin. In babban falle ne, wanda ke riƙe da aksil, ganganci ne da rayuka.

Akwai wani abu da ba kasafai ake maganarsa ba. Yawancin tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da wani ɗan bawul a baya, da siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksil. Aikinsa ya auna yadda bayan mota ya zauna: in ya zauna sosai, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. To an ƙara falle uku, an sa dogon shakul, baya ya daina zama. Bawul ɗin sai ya ɗauka motar ba kaya, ya rage birki, alhali buhu ashirin ne a kanta. Gyaransa ɗan ƙarfe ne da za a ɗaga mahaɗin da shi daidai da yadda aka ɗaga motar. Ƙarin falle bai ƙara wa birki ko taya ko aksil komai ba, a nan ma ragewa ya yi.

A Ostareliya da Amurka akwai kamfanoni da ƙarfafa sifirin ne abincinsu. Old Man Emu, na kamfanin ARB, yana sayar da dami tare da shakul mai bakin ɗura giris da bush da yubol da aka auna su tare. Wasu suna sayar da faranti da ke juya yubol sama don kada dutse ya doki notinansa. Masu sayen can da dama don yawon daji da hawan duwatsu suke saye. Nan kuwa neman abinci ne, kuma kuɗin irin wannan kaya ya fi ƙarfin direban Ɓaure. Amma dabarar ba ta fi ƙarfin mai injin tona ba: huda fin ɗin shakul a sa masa bakin giris aiki ne da ake iya yi a Kano. A yanzu abin da aka fi samu shi ne bush da aka yanko daga tsohuwar tayar babbar mota, wanda ke fitar da mutum kunya na ɗan lokaci, sannan rairayi ya cinye shi.

Shekarun nan sun matse kasuwar. An rufe iyakokin tudu a watan Agustan 2019 har zuwa ƙarshen 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Duk lokacin da aka toshe Kwangwalam, zirga-zirga kan koma hanyoyin daji, kuma hanyar daji sifirin take ci. Cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 da faɗuwar naira sun haɗa wa direba zafi biyu: mai ya yi tsada, sai ya ƙara lodi; kayan gyara sun yi tsada, sai ya rage saye. Ƙarfen kuma har yau daga waje ake jiransa, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajakuta da aka fara tun 1979 ba ta kai ga aiki ba. Daura yanzu tana da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya. Da za su buɗe ɗan gajeren horo ga yaran gareji, a kan auna ƙarfin ɗaurin noti da gyaran bawul ɗin birki da inda ba a kai walda, da sun taɓa rayuwar mutanen masarautar tun kafin jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi ya fara tsayawa a garin.

Fallen da ya karye ba a yar da shi. Maƙera ne ke zuwa nemansa, don a cikin duk ƙarfen da ke yawo a bola ba kasafai ake samun wanda ya kai shi riƙe kaifi ba. Da shi ake ƙera wuƙar fawa da adda da ruwan gatari da kurfi, kuma mahauci yakan tambaya ko wuƙar ta sifirin ce kafin ya taya. Sai dai maƙeri ya samu abokan takara: 'yan gwangwan, masu saye a kan sikeli su loda zuwa kamfanonin narka ƙarfe, inda za a haɗa shi da sauran tarkace a fitar da rodin gini. Shi ya sa maƙerin da ke da wayo yake ƙulla zumunci da bakanike, ya bar masa 'yan kuɗi tun kafin kaka, a riƙa ware masa fallayen Kanta masu kauri a bayan shago.